Gadajen da Ba a Kwana a Kansu Ba

Wahida ce ta matsa sai an je. Idrissa kuwa, mutumin da ya kwashe kwana shida yana jigilar fasinja tsakanin filin jirgi da otal-otal na Washington, ba abin da yake so ranar Asabar irin a ƙyale shi ya miƙe ƙafa. Amma matarsa ta riga ta sayi tikiti biyu, kuma Wahida 'yar Zangon Kumasi ce, in ta sa abu a gaba gara kawai ka nemi takalminka.

"Baban Raheema, wata biyu ke nan kana yawo cikin gidan nan kamar an yi maka mutuwa," in ji ta. "Ko ka kira Inna, ko ka tashi mu je mu ga ramin 'yan majalisa. Zaɓi ɗaya."

Ya zaɓi ramin.

Ramin da take nufi wata maɓoya ce da gwamnatin Amurka ta haƙa cikin dutse, a gindin wani katafaren otal a jihar West Virginia, tun zamanin da ba a ga maciji tsakaninta da Rasha. An gina ta ne don in bam ɗin nukiliya ya faɗa wa Washington, a kwashe 'yan majalisa a kai su can, su ci gaba da mulkin abin da ya rage. Shekara talatin ana ɓoye ta, har wata jarida ta fasa ƙwai, gwamnati ta tattara nata ta bar wurin. Yanzu kowa da tikitinsa sai ya shiga ya ba idonsa abinci.

Suka bar gidansu na Woodbridge bayan sallar asuba, cikin watan Oktoba na 2015. Tafiyar awa huɗu ce. Ganyen itatuwa ya yi ja, ya yi rawaya, duwatsu sun jeru hagu da dama, Wahida sai "Ei, duba can!" take yi. Shi idonsa na kan kwalta, hankalinsa na Madawa.

Abin da ke cin sa ba ɓoyayye ba ne a gidan. Idrissa ɗan fari ne. A Madawa ta ƙasar Nijar, inda aka haife shi, mace irin Inna ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. Alkunya ke nan, kuma Inna ta riƙe tata da hannu biyu. Ana yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa a can ƙarshen unguwa. Ya tashi yana jin Inna tana ƙwala wa ƙannensa kira, Zeinabou kaza, Hamani kaza, har da ɗan zagin nan mai daɗi irin na uwa. Shi kuwa "wancan" ne. Da ya yi gemu ya zama "mutumin ga". Da ya taho Amurka a 1996 aka ƙara masa muƙami, ya zama "na nesa".

Ya san al'ada ce. Ya san rabin abokansa haka suka tashi, kuma ba wanda abin ya kashe. Sanin bai rage masa komai ba. Shekararsa arba'in da huɗu, furfura ta fara leƙowa, amma har yau yana so ya ji yadda sunansa zai fito daga bakin matar da ta haife shi. Shi ya sa 'yarsu Raheema, wadda ita ma 'yar fari ce, take shan kira har ya gundure ta. Raheema kin ci abinci, Raheema rufe ƙofa, Raheema ba komai, na dai kira ne. Ita kuma ta amsa masa da Turanci tana juya ido.

Da ya sayi gidan Woodbridge a 2009, sai ya ware ƙaramin ɗakin ƙasa, wanda ba sai an hau bene ba, ya ce na Inna ne. Tunaninsa shi ne a nan babu maƙwabta masu leƙe, babu dangin miji, babu idon da za ta ji nauyinsa. Wataƙila wata safiya, su biyu a kicin, ta manta ta kira shi. Ya sa gado, ya sa bargo biyu, da hita, da buta, da darduma, da safa mai kauri saboda sanyi. Asabar ta farko a kowane wata yakan cire zanen gadon da ba wanda ya kwanta a kai, ya wanke, ya mayar. Shekara shida yana haka.

Sau biyu Inna tana hawa mota daga Madawa zuwa Yamai, tafiyar yini guda, don neman bizar ziyara. A karo na farko ma'aikacin da ke bayan gilashi ya tambaye ta, ta bakin tafinta, wa za ta je gani, kuma mene ne sunansa. Inna ta sunkuyar da kai, ta nuna takarda da yatsa, ta ce ai ga shi nan a rubuce. Aka sake tambaya, ta ja mayafi ta rufe baki. A karo na biyu, bayan Zeinabou ta yi mako tana lallashinta, ta daure ta ce uban Raheema ne. Duk biyun aka miƙo mata fasfonta yadda ta kawo shi. Ko sunan ne ya hana, ko wani dalili ne nasu na can, ba wanda ya gaya musu. Idrissa dai ya riga ya yanke hukunci a ransa.

Yanzu an ba ta rana ta uku, saura kwana goma. A watan Agusta, da ya kira don ya sanar da ita, bakinsa ya kufce masa. Ya ce, "Inna, in ba ki iya hwaɗin sunana ko a gaban baƙo, ki gaya mini in huta. In zuwa wurina ne ba ki so, ki ce ba ki so." Sai ya ji ta miƙa wa Zeinabou wayar. Tun ranar bai ƙara kira ba. Kunya ta hana shi, fushi kuma ya taya ta.

Sun wuce rabin hanya Wahida ta zuba masa shayi daga fulas, ta ce, "Tsohuwa ce fa. Haka aka gina ta."

"Ba ki ga abin da na gani ba da na tahi gida," ya ce.

"Ei, mun dawo kan kwanon nan kuma?"

Sun dawo kuwa. A 2011, bayan shekara goma sha biyar, Idrissa ya je gida da akwatuna huɗu. Gidan cike yake da sababbin farantai na tangaran. A cikinsu aka zuba wa baƙi, a cikinsu aka zuba wa ƙanensa Hamani. Shi kuwa, baƙon Amurka guda, aka kawo masa tuwo a wani tsohon koren kwano mai murfi, fentinsa duk ya goge, gefensa ya lotse. Mako uku, kullum da yamma, kwanon nan ne. Inna kuma ta bayan zana take magana: a ce wa baƙon ga ruwan wanka na nan. Ya haɗiye abinsa ya dawo da shi Amurka, kuma bai gaji da buɗe shi yana dubawa ba.

"Ko baƙon kasuwa ba a yi mishi hakanan," ya ce.

"Asɛm oo," in ji Wahida da yaren mutanen Kumasi, wato ga magana. "Namiji da gemunsa yana kishi da faranti."

Ya mai da hankali kan tuƙi har suka isa.

Otal ɗin fari ne ƙal, da ginshiƙai da furanni, irin wurin da Idrissa yakan sauke fasinja ya juya. Yau shi ne mai tikiti. Aka karɓe wa kowa waya da jaka aka kulle, don har yanzu ba a ɗaukar hoto a ciki. Su wajen ashirin ne, yawanci tsofaffin Turawa masu hular hana sallah. Mai yi musu jagora wata gajeruwar tsohuwa ce mai suna Olive, ta haura saba'in, da takalmin gudu a ƙafa da murya irin ta malamar firamare da ba ta son surutu a bayan aji.

Ƙaramar bas ta zagaya da su bayan tudu, ta tsaya a gaban wata ƙofa da aka rubuta wa gargaɗin wutar lantarki. Olive ta ce ƙarya ce, babu wata wuta, an rubuta ne don masu shisshigi su yi nesa. A bayanta ainihin ƙofar take, ta ƙarfe, nauyinta tan ashirin da biyar. Da suka shige aka tura ta. Ƙarar rufewar ta bi dogon ramin ta dawo, Idrissa ya ji ta har cikin haƙoransa. Wahida ta damƙe hannun rigarsa tana salati ƙasa-ƙasa, ita da ta kawo shawarar.

Ciki da sanyi, da warin siminti da man inji. Bisa sabo Idrissa ya so ya gane ina alƙibla take, amma bayan sun karya kwana sau biyu a cikin ramin sai gabas ta ɓace masa. Aka nuna musu wani siririn lungu mai famfuna a sama, inda kowa zai tuɓe, a ƙona kayansa, ruwa ya wanke masa ƙurar bam kafin ya wuce.

"Wai manyan nan haka za su jeru zigidir?" Wahida ta raɗa masa. "Da tumbinsu da komai?"

Dariya ta so ta kufce masa, ya danne.

Aka kai su ɗakin da za a riƙa yi wa 'yan ƙasa jawabi ta talabijin. A bango akwai ƙaton hoton ginin majalisa da itatuwa a gabansa. Olive ta ce mai jawabi zai tsaya a gaban hoton ne don mutanen waje su ɗauka komai na nan yadda yake. Nan Idrissa ya ji wani iri. Ya tuna hoton da ya aika gida a 1998, yana jingine da wata doguwar mota baƙa, hannu a aljihu, alhali wanke ta yake yi a lokacin, kuma su biyar suke kwana a ɗaki ɗaya a Alexandria. Hoton nan yana rataye a ɗakin Hamani har gobe.

Daga nan sai ɗakunan kwana. Gadajen ƙarfe ne masu hawa biyu, a jere, an ja zanensu tsaf ba ko lanƙwasa. Olive ta ce a da sun haura dubu, kuma kowane gado da ɗan gurbin da ake soka sunan mai shi. In aka yi zaɓe, a zare sunan wanda ya faɗi, a soka na wanda ya ci. Akwai wasu ma'aikata ƙalilan da duk garin ya sani a matsayin masu gyaran talabijin na otal, amma ainihin aikinsu shi ne wannan: su canza zanen gado, su canza abincin gwangwani kafin ya lalace, su gwada injin, su gwada ruwa, su ajiye komai a shirye. Shekara talatin, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya kwanta.

Wahida ta mintsine shi. "Ashe kana da 'yan'uwa a nan."

Wannan karon bai ji dariya ba. Ya ɗora hannu a kan zanen gado mafi kusa, sanyi ƙalau, irin sanyin zanen ɗakin Inna in ya je cire shi. Kewar Inna ta taso masa gaba ɗaya. Ba wani abu babba yake nema ba. So yake ya ga takalmanta a bakin wannan ɗaki, ya ji tarinta da asuba ta bango, ya ji tana faɗa wai shayinsu ba ya da daɗi. Ya ji tsoro kuma, tsoron da ya daɗe yana kauce wa: cewa zai yi ta wankin zane har wata rana Zeinabou ta kira shi tana kuka, kuma maganar ƙarshe da ya gaya wa uwarsa ita ce ta watan Agusta.

A ɗakin magani ne wani dattijo mai sanda ya tambayi Olive ko an yi tanadin iyalan ma'aikatan wurin. Olive ta ce akwai takardar sunaye a bakin ƙofa, wanda sunansa ba ya ciki, a waje zai tsaya. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya kamar tana auna ko sun cancanta, sannan ta ce wannan ba ya cikin abin da aka ce ta faɗa, amma za ta faɗa.

"Mijina yana cikin masu gyaran talabijin ɗin nan," in ji ta da Turancinta na mutanen duwatsu. "Shekara ashirin da shida ina zaune da mutumin da in na tambaye shi yaya aiki, sai ya ce lafiya, ya kunna rediyo. Na ɗauka ni ce ba ya son magana da ni. Sau biyu ina haɗa kayana zan tafi gidanmu. Da asiri ya tonu, ya kawo ni nan, bai nuna mini gadaje ba, bai nuna mini komai ba. Ya ja ni har ɗakin injin, ya zura hannu bayan wani bututu, ya ciro wannan."

Ta fito da wani ɗan gwangwanin taba daga aljihun rigar sanyinta.

"Maganin asmata ne a ciki. Duk wata uku, in sun canza magungunan manya, sai ya canza nawa. Na ce masa, ai ka san ba za su bar ni in shiga ba. Ya ce ya sani. Na ce to don me? Ya ɗaga kafaɗa. Iyakar bayanin da na samu ke nan har ya mutu."

Ta miƙa gwangwanin ya zagaya hannu-hannu. "Ku dubi murfin," ta ce. "Ba tsatsa ce ta cinye fentin ba, babban yatsansa ne. Abin da aka jefar a lungu tsatsa yake yi, ba ya santsi haka."

Da ya iso hannun Idrissa, ya ɗora nasa yatsan a wurin. Ƙarfen ya goge, ya yi sumul, yana ɗan ƙyalli. Ya san wannan santsin. Yatsansa ya taɓa jin irinsa, mako uku a jere, a kan murfin koren kwano.

Ya tsaya cak. Kwanon nan sabo ne shekarar da ya bar gida. Ya tuna sarai, bayan rasuwar kakarsa ne aka fara aiko masa da abinci a cikinsa daga tukunyar Inna, bai fi wata huɗu yana ci a ciki ba ya hau mota. Da a ce an jefa shi bayan ɗaki ne aka tono shi ranar da ya dawo, da tsatsa zai gani. Amma kwanon da aka ba shi a 2011 gogewa ya yi, gogewar hannu da soso da toka. Shekara goma sha biyar ba ya nan. To wa ke ci a ciki?

"Baban Raheema, miƙa wa mutane abinsu," in ji Wahida, don layi ya tsaya a kansa.

Sauran zagayen bai ji ko kalma ɗaya ba. Aka nuna ɗakin cin abinci, aka nuna zauren taro, aka nuna tankunan ruwa. Shi wayarsa kawai yake so, ga ta can a kulle, ga dutse guda a tsakaninsu. Mutumin da ya yi wata biyu waya na aljihunsa bai kira ba, yau minti arba'in ya gagare shi. Ya duba agogo ya fi sau goma, har Olive ta harare shi.

Sha biyu da rabi suka fito. Rana ta kashe masa ido. A Madawa biyar da rabi ke nan na yamma. Bai jira sun kai mota ba, ya tsaya a gindin wata bishiya mai jan ganye ya danna lambar ƙanwarsa.

"Yaya?" in ji Zeinabou. "Ashe kana da rai. Lahiya dai?"

"Lahiya lau. Ya gida, ya yara?" Bai jira amsar ta ƙare ba. "Zeinabou, koren kwanon ga da aka riƙa ba ni tuwo ciki da na zo, na wa ne?"

"Wane irin na wa ne? Naka ne mana."

"Da ba ni nan hwa? Wa ke ci ciki?"

Ta fara dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. "Yaya, da gaske ba ka sani ba? Tun ran da ka hau mota, kullum in za a kwashe tuwo, naka ake hwara zubawa. A ruhe, a kai ma tsohuwar ga ta bayan masallaci. Da ta rasu aka koma kai ma ɗiyarta mai marayu. Inna ta ce muddin ana cika shi, ba ka kwana da yunwa inda kake. Ba ta bari kowa ya zuba, ba ta bari kowa ya wanke. Kowa ya sani, har yaran unguwa."

Kowa ya sani. Shi kaɗai ne, mai kwanon, ya zauna mako uku yana ci yana ƙullatar ta. Ya jingina da bishiyar.

"Har watannin ga biyu?" ya tambaya.

"Watannin ga biyu har nama take ƙarawa." Zeinabou ta rage murya. "Kuma ka jawo muna aiki. Tun ranar neman bizar ga da ka ce, kullum bayan la'asar sai ta shiga ɗaki ta tura ƙyaure, wai koyon hwaɗin sunanka take. Ina jin ta ta taga. Sai ta kai rabi ta tsaya, ta kama istigfari kamar ta yi saɓo. Jiya ta hito idonta jawur. Ta rame, Yaya. Ni dai na gaya maka."

"Ba ta wayar."

Ya ji takun silifa a kan rairayi, ya ji kukan akuya, ya ji ƙarar muciya tana bugun gefen tukunya. Duk gidan ya shigo masa ta kunne ɗaya, har ya ji kamar ƙamshin hayaƙin kara. Sannan numfashi.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya lau." Muryarta ta ƙanƙance fiye da yadda ya bar ta. "Ya mutanen gidan? Ya yarinyar? Ya sanyi?"

"Duk lahiya. Inna, maganar da na yi rannan, ki gahwarta mini. Bakina ne ya..."

"Ba komi," ta katse shi. "Kana da gaskiya. Ana wahalar da kai, ana wahalar da kuɗin mota." Ya ji ta matsa, kamar ta shiga ɗaki, don kukan akuyar ya yi nisa. "Na koya. Tsaya ka ji. In ya yi daidai, sai in hwaɗa musu hakanan."

Idrissa ya rufe ido. Shekara arba'in da huɗu yake jiran wannan. Saboda shi ya sayi gado, ya sayi bargo, ya cike takardu sau uku. Ga shi yanzu ya zo, saura numfashi ɗaya. Ya ji ta ja numfashin. Ya ji yadda yake rawa, yana yankewa, irin na wanda aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfin wuyansa. Tsohuwa mai shekara sittin da biyar, ita kaɗai a bayan ƙyaure, za ta tuɓe abin da ta yi rayuwarta duka tana lulluɓe da shi, don kawai ɗanta ya yi fushi. Yana so ya ji. Wallahi yana so ya ji.

"Inna, a'a," ya ce. "Bari. Kar ki hwaɗa."

Ya matse wayar a kunne, ya ci gaba.

"Ki bar shi inda kika ajiye shi. Na san yana nan. Ba sai kin tahi Yamai ba, ni za ni zo."

Ta sauke numfashin a hankali, dogo, har sai da ya ji ƙarshensa. Wahida na tsaye gefe da jakarta a hannu. Sai ta miƙo masa bakin mayafinta, don fuskarsa ta jiƙe.

"Yaushe?" in ji Inna.

"Watan gobe, in Allah ya yarda."

Ya ji ƙyaure ya buɗe, kukan akuya ya dawo, ya ji ta kawar da baki daga wayar ta ɗaga murya, muryar nan da ya sani tun yana yaro, mai cika tsakar gida.

"Zeinabou! Na nesa zai zo watan gobe. Miƙo mini kwanon ga, tuwo na hucewa."